Ƙaramin Majigi: Auna Ɗakinka Kafin Ka Saya

Majigin zamani ya ƙanƙance, har akwai wanda bai wuce gwangwanin lemo ba, kamar Nebula Capsule na kamfanin Anker. Masu wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, sun samar masa aiki na daban. Maimakon a haska bango, sai a rataye shi a silin yana kallon ƙasa, ya shimfiɗa taswirar filin daga a kan tebur, 'yan wasa su jera ƙananan mutum-mutuminsu a kai. Da dare kuma a sauko da shi a kalli ƙwallo. Wanda ke son na'ura ɗaya ta yi ayyukan nan biyu, to ya fara da awon ɗakinsa, ya bar kwalin tukuna.

Kowane majigi yana da ƙa'idar nisa. Idan aka rubuta 1.2:1, ana nufin sai ka ja shi baya mita 1.2 kafin hoton ya kai faɗin mita ɗaya. A bango wannan ba damuwa ba ce, kana iya matsawa yadda ka so. A tebur kuwa silin ne ya yanke maka iyaka. A ce tsakanin idon majigin da fuskar tebur akwai mita 1.8, hoton zai yi faɗin mita ɗaya da rabi, kuma ya wadatar. In silin gajere ne, nemi mai cika fili daga kusa, wanda lambarsa ta gaza 1.

Sai kaifin hoto, kuma nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mai kallon fim yana zaune nesa, ɗan wasa kuwa hancinsa na kan taswira. Hoto mai ɗigo 854 a faɗi, in aka baje shi a mita ɗaya da rabi, kowane inci zai sami ɗigo 14 kacal, alhali murabba'in taswirar wasan inci ɗaya ne. Sunayen garuruwa za su dagule. Mai ɗigo 1920, wato 1080p, zai ba ka fiye da 30. A lura, da yawa daga masu araha suna rubuta 1080p ɓaro-ɓaro a kwali, amma abin da suke nufi shi ne na'urar tana karɓar irin wannan hoton, sai ta rage shi kafin ta fitar. Tambayi ainihin adadin ɗigonta. A ganina, duk abin da ya gaza 720p bai cancanci tebur ba.

Haske ma haka. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne lumen na ANSI ko na ISO. In ka ga ɗan mitsitsin majigi yana iƙirarin lumen 9,000 ba tare da ɗayan waɗannan ba, talla ce; kamfanin Epson ya sha maka wasu masu sayarwa a kotun Amurka kan irin wannan zuzutawa. Mai lumen 200 yana yi a ɗaki mai duhu, amma masu wasa suna buƙatar fitila don karanta takardu, saboda haka 400 zuwa 500 ya fi. Sauƙin abin shi ne hoton tebur ƙarami ne, kuma in ka rage faɗin hoto da rabi, haskensa ninki huɗu yake yi.

Batiri yakan ja awa biyu zuwa uku, yawanci da rage haske, wasa kuwa yakan zarce haka. Inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, mai karɓar caji ta USB-C ya fi amfani. Duba ko yana da ramin noti a gindi don ɗaurewa, da kafar HDMI, kuma ko ana iya kashe gyaran kusurwa mai aiki da kansa, domin wasu sukan rikice da zarar an kifa su. Kunna shi a shago ka saurari fankarsa, tunda bisa kawunanku za ta yini tana gunji.