Kalmomin Jamusanci da baƙo ke buƙata kafin shiga manyan kantunan Jamus

Ɗalibai da ’yan kasuwar Najeriya da ke zuwa Jamus kan tarar cewa wuri na farko da ake gwada Jamusancinsu shi ne kanti. A can ba a taya kaya, farashi a rubuce yake, kuma allunan da ke nuna hanya galibi da Jamusanci suke. Rashin sanin kalma ɗaya na iya jawo asarar kuɗi, ko sayen abin da mutum ba ya ci.

Babban kanti mai sassa da yawa sunansa “Kaufhaus”. Kalmomi biyu ne aka haɗe: “kaufen”, wato saye, da “Haus”, wato gida. Mafi shahara a irinsu shi ne KaDeWe da ke Berlin, wanda aka buɗe a 1907.

Wannan haɗe-haɗen kalmomi shi ne mabuɗin karanta alluna. Wanda ya san “Abteilung” na nufin sashe, “Damen” mata, “Herren” maza, “Kinder” yara, zai gane “Kinderabteilung” da kansa. Dabarar ita ce a fara da kalmar ƙarshe, domin ita ce ainihin abin, ta gabanta bayani ne a kanta.

Haka benaye suke. “Erdgeschoss”, da ake taƙaitawa EG, shi ne daɓen ƙasa inda ake shiga. OG na nufin benen sama, UG kuma na ƙarƙashin ƙasa.

Inda baƙo ya fi tuntuɓe shi ne ƙidaya. Bahaushe na cewa arba’in da biyar, Bajamushe kuwa yana fara faɗin biyar ɗin: “fünfundvierzig”, wato biyar da arba’in. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka 54 aka ce, alhali 45 ne. Waɗanda suka yi karatun Larabci za su ga tsarin ba baƙo ba ne, domin haka ake ƙirga a Larabci. A rubuce kuma waƙafi ke raba Yuro da santi, kamar 19,99. Harajin kaya, wanda kashi 19 cikin ɗari ne a yawancin kayayyaki, yana cikin farashin da aka liƙa.

Jimloli kaɗan sun wadatar wajen magana da mai sayarwa. “Was kostet das?” tambayar farashi ce. “Haben Sie das in Größe 40?” na nufin ko akwai wannan a lamba 40. “Kann ich das anprobieren?” neman izinin gwada tufa ne, ɗakin gwajin kuma “Umkleidekabine”. Wanda ke dubawa kawai sai ya ce “Ich schaue nur”. Ana kiran mai sayarwa da “Sie”, kalmar girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba “ku”. “Du” ta abokai ce da yara.

A sashen abinci, ya kamata Musulmi ya nemi kalmar “Zutaten” a jikin fakiti, wadda ke gaban jerin abubuwan da aka haɗa. “Schwein” alade ne, kuma “Schinken” da “Speck” yawanci naman alade ne ko da ba a rubuta sunansa ba. A jikin kwalaben ruwa da lemo akwai “Pfand”, kuɗin ajiya na santi 25 a kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya, wanda ake karɓa idan an mayar da ita.

Wurin biya shi ne “Kasse”. A nan za a ji tambayar “Bar oder mit Karte?”, wato tsabar kuɗi ko kati. Rasit kuwa “Kassenbon” ne, kuma bai kamata a yar da shi ba. Dokar Jamus ba ta tilasta wa kanti karɓar kayan da ba su da aibi don kawai mai saye ya sauya ra’ayi. Kantuna da yawa na yarda da musaya, wato “Umtausch”, amma bisa sharuɗɗansu, galibi sai da rasit. Haƙƙin fasa ciniki cikin kwana 14 na sayayyar intanet ne. Idan kuwa sabon kaya na da aibi, doka ta ba mai saye shekara biyu ya kai ƙorafi.

Wata kalmar da ke jikin kowace ƙofa ita ce “Öffnungszeiten”, lokutan buɗewa. Yawancin kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, don haka sayayyar mako ta ƙare ranar Asabar.

Ana iya fara koyon waɗannan kalmomi tun a gida. Cibiyar Goethe da ke Legas na koyar da harshen tare da shirya jarrabawa, kuma sayayya na cikin darussan matakin farko na A1, wanda galibi ake buƙata kafin ba da bizar zuwa wurin miji ko mata a Jamus.