Rufin Aji Na Yoyo, Masu Gidaje Sun Ce Haraji Ya Ishe Su

A watan Nuwamba na shekarar 1996, mutanen birnin Los Anjelis da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka fita jefa ƙuri'a a kan wata tambaya. Tambayar ita ce, ko sun yarda hukumar makarantun birnin ta ci bashin dala biliyan 2.4 domin gyaran makarantu. Da aka gama ƙirga, sai aka tarar cikin kowane mutum 100 wajen 65 sun ce sun yarda. Duk da haka aka sanar cewa shawarar ta faɗi. Yara suka ci gaba da zama a azuzuwan da rufinsu ke yoyo da damina, su sha zafi da rani.

Mai karatu zai yi mamaki, ina aka taɓa ganin mutum 65 sun ce i, 35 sun ce a'a, sa'an nan masu a'a su yi rinjaye? Amsar tana cikin yadda ake gina makarantun gwamnati a Amurka, da kuma wata tsohuwar ja-in-ja tsakanin iyayen yara da masu gidaje.

Yadda bashin yake

A Amurka, yawancin nauyin gina makarantun firamare da sakandare yana kan hukumar makarantu ta kowace gunduma. Idan hukumar tana bukatar kuɗi mai yawa, sai ta sayar wa masu jari takardun bashi, ta karɓi kuɗi nan take ta yi aiki. Daga baya a riƙa biyan bashin da ruwansa kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara 25 zuwa 30. Kuɗin biyan kuwa daga harajin gidaje da filaye da shaguna na gundumar ake samunsa. Ke nan duk mai gida zai ga ƙari a takardar harajinsa, ko yana da ɗa a makarantar ko ba shi da shi. Shi ya sa doka ta ce sai an tambayi jama'a tukuna.

Tun shekarar 1879 tsarin mulkin Kalifoniya ya ce ƙaramar hukuma ba za ta ci irin wannan bashi ba sai kashi biyu bisa uku na masu ƙuri'a sun yarda. Idan aka lura, ƙuri'ar mai ƙi guda ɗaya tana daidai da ta masu so guda biyu. Abin da ya kayar da shawarar Los Anjelis ke nan.

Tawayen masu gidaje

Kada mai karatu ya yi saurin ɗora wa masu gidajen laifi kafin ya ji nasu kukan. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi a Kalifoniya. Da yake a kan darajar gida ake yanka haraji, sai harajin ma ya bi sawu. Tsohon da ya sayi gidansa da arha tun yana saurayi, ya gama biyan bashinsa, yana cin ɗan fanshonsa, sai ya wayi gari an aiko masa da takardar harajin da ta fi ƙarfinsa. Gidan bai ƙara ɗaki ba, fansho bai ƙaru ba, haraji ne kaɗai ke hawa. Da yawa suka shiga tsoron za a raba su da muhallinsu a ƙarshen rayuwa.

Wani tsohon ɗan kasuwa mai suna Howard Jarvis, tare da abokin tafiyarsa Paul Gann, suka tattara sa hannun jama'a suka kawo abin da ake kira Shawara ta 13. Ran 6 ga Yuni, 1978, kusan kashi 65 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince da ita. Dokar ta ce harajin gida ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na darajarsa ba. Ta mayar da darajar gidaje zuwa yadda take a 1975, ta kuma hana ƙara ta fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai in an sayar da gidan. Nan da nan kuɗin da ake tarawa daga harajin gidaje ya ragu da fiye da rabi.

Tsofaffi suka sami sa'ida, amma gine-ginen makarantu suka shiga uku. Gwamnatin jiha ta ɗauki yawancin nauyin albashi da tafiyar da makarantu, sai dai daga 1978 har zuwa 1986 gundumomi ba su da ikon ƙara haraji domin biyan sabon bashin gini. A 1986 aka mayar musu da ikon, amma da sharaɗin nan na biyu bisa uku. Duk tsawon wannan lokaci yara na ƙaruwa, gine-gine na tsufa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci kuwa, gyaran rufi da famfo ne ake fara ɗagawa, gama ba wanda ke ganin ɓarnar sai ta yi nisa.

Abin da yara suka gani

Matsalar ba ta Kalifoniya ce kaɗai ba. A 1995 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoto cewa wajen kashi ɗaya bisa uku na makarantun ƙasar suna bukatar babban gyara, yara wajen miliyan 14 ne ke karatu a cikinsu, kuma ana bukatar dala biliyan 112 kafin a daidaita su.

A Los Anjelis, wadda hukumar makarantunta ita ce ta biyu wajen girma a ƙasar, ɗalibai sun kai wajen 700,000 a ƙarshen shekarun 1990. Wuri ya yi kaɗan. Sai aka raba yaran wasu makarantu rukuni-rukuni, wannan rukuni na hutu wancan na karatu, makaranta ba ta rufewa duk shekara. A wani tsarin, yaro kwana 163 yake zuwa makaranta maimakon 180. Dubban yara kuma ake kwasa da asuba a motoci zuwa unguwanni masu nisa domin babu kujera a makarantar unguwarsu. Galibin waɗannan yara 'ya'yan talakawa ne da baƙin da ke zaman haya.

A watan Mayu na 2000, ɗalibai wajen 100 suka kai gwamnatin jihar kotu a San Faransisko, shari'ar da aka sani da sunan Williams. Cikin ƙararsu sun ambaci ɓeraye a azuzuwa, bayan gida da ya lalace ko aka kulle, rufi mai yoyo, da rashin littattafai. A 2004, zamanin Gwamna Arnold Schwarzenegger, aka sasanta, jihar ta yi alkawarin dala miliyan 800 domin gyaran gaggawa.

Dalilan masu ƙi

Masu jefa ƙuri'ar a'a ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsofaffin da kuɗin shigarsu ba ya ƙaruwa. Akwai waɗanda 'ya'yansu suka gama makaranta, ko suke makarantun kuɗi, suna ganin sun biya nasu. Akwai masu cewa babu adalci a ce mai haya ya jefa ƙuri'a a kan harajin da mai gida zai biya, ko da yake masu wancan ɓangaren suna amsa cewa mai gida yakan ɗora harajin a kan kuɗin haya. Sa'an nan akwai masu tambaya, kuɗin da muka ba ku a baya, ina ya shiga?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi. A Los Anjelis ɗin nan, hukumar ta soma gina wata babbar sakandare da a lokacin ake kira Belmont a kan tsohon filin haƙar man fetur. Aiki ya yi nisa kafin maganar iskar gas mai haɗari da ke ƙarƙashin ƙasa ta tashi, aka tsayar da ginin a 2000. Sai a 2008 aka buɗe makarantar, bayan ta ci wajen dala miliyan 400. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk mai neman a ƙi bashi ya sami abin nuni da yatsa.

Yadda aka sassauta

Bayan faɗuwar 1996, hukumar ta sake kawo shawarar a watan Afrilu na 1997, da alkawarin kafa kwamitin mutanen gari da zai sa ido a kan kuɗin. Wannan karon wajen kashi 71 cikin 100 suka yarda, bashin ya wuce.

Daga nan aka juya kan dokar biyu bisa ukun kanta. A watan Maris na 2000 aka nemi jama'ar jihar su mayar da ita rinjaye kawai, suka ƙi da ɗan ƙanƙanin bambanci. A watan Nuwamba aka dawo da Shawara ta 39, wadda ta sauko da ma'aunin zuwa kashi 55 cikin 100. Ƙungiyar masu biyan haraji da ke ɗauke da sunan Howard Jarvis ta yaƙe ta, amma ta wuce. Abin da ya jawo hankalin masu shakka shi ne sharuɗɗan da aka gindaya. Dole hukumar ta jera ayyukan da za ta yi kafin ƙuri'a. Dole a binciki kuɗin kowace shekara. Dole a kafa kwamitin sa ido na mutanen gari. Ba a taɓa kuɗin domin albashin malamai. An kuma sa iyaka: a gundumar da ta haɗa firamare da sakandare, ƙarin harajin kowane bashi kada ya wuce dala 60 a kan kowace dala 100,000 ta darajar gida. Mai gidan da aka yi wa ƙima dala 300,000, alal misali, ya san abin da zai biya bai kamata ya wuce dala 180 a shekara ba.

Sakamakon ya fito fili. Mutanen Los Anjelis suka amince da sabon bashi a 2002, 2004, 2005 da 2008. Da kuɗin aka gina sababbin makarantu 131, aka kammala ta ƙarshe a 2017, shekarar da aka daina karatun rukuni-rukuni a makarantar ƙarshe da ta rage a kan tsarin.

Abin da ya rage

Gardamar ba ta mutu ba. A watan Maris na 2020 jama'ar Kalifoniya suka ƙi bashin dala biliyan 15 na gyaran makarantu a faɗin jihar. A Nuwamba 2024 suka amince da na dala biliyan 10, mutanen Los Anjelis kuma suka ƙara nasu na biliyan 9, gama gine-ginen da suka tsufa ba su daina tsufa ba.

Akwai kuma wata matsalar da yawan ƙuri'a ba ya warwarewa. Unguwar da gidajenta ke da tsada takan tara kuɗi mai yawa da ƙaramin haraji, unguwar talakawa kuwa ta matse kanta ta tara kaɗan. Kotun ƙolin jihar ta nuna haka tun 1971 a shari'ar Serrano: mutanen Baldwin Park suna biyan harajin makaranta fiye da ninki biyu na ma'aunin mutanen Beverly Hills, amma ɗansu dala 577 ake kashe masa a shekara, na Beverly Hills kuwa 1,232. An rage wannan tazara a kuɗin tafiyar da makarantu, amma a kuɗin gini tana nan da sauranta, domin jihar takan ƙara wa gunduma ne a kan abin da ta tara da kanta. Ƙaramar gundumar karkara da ba ta iya cin bashi ita ce takan rage a baya.

Mai karatu zai lura cewa inda aka ci nasara, ba da zagin masu gidaje aka ci ba. An gaya musu aikin da za a yi, da abin da kowa zai biya, aka kuma ba su kujera a kwamitin da ke duba littafin kuɗi. Da suka ga haka, da yawa daga cikin waɗanda ba su da ɗa a aji suka yarda su biya domin a gyara rufin 'ya'yan maƙwabtansu.