Kada Maganin Ƙara Ya Zama Ajali a Gidan Bene

Gidan Bahaushe na asali da tsakar gida aka gina shi, a buɗe, ba abin da ya raba ta da sama. A nan ake daka, a nan ake hura wuta, a nan ake babbake kan rago ranar Babbar Sallah. Hayaƙi ya tashi iska ta kwashe, amon taɓarya ya daki katangar ƙasa ya mutu a wurin. Yau jikokin waɗannan gidaje da yawa suna zaune a benayen haya: Garki, Wuse da Gwarinpa a Abuja, Barnawa a Kaduna, sababbin unguwannin Kano, barikokin 'yan sanda da gidajen ma'aikatan jami'o'i. Iyali shida ko takwas ko goma sha biyu a gini ɗaya, matakala ɗaya, rufin wannan shi ne daɓen wancan. Mun kwaso halayen tsakar gida mun hau da su sama, ita kuwa tsakar gidan mun baro ta a can.

Abubuwa biyu ne suka fi haɗa mazauna irin waɗannan gidaje faɗa: ƙara da hayaƙi. Mutane na ɗaukar su rigingimu biyu daban, alhali a ɗaure suke da juna, kuma a ƙullin da ya haɗa su ake rasa rai.

Mu fara da ƙarar. Kankare ba ya shanye sauti kamar yadda ginin ƙasa ke yi, musamman sautin bugu. Matar da ke daka yaji a hawa na uku tana jin ƙarar turminta daidai wa daida, amma wanda ke ƙarƙashinta ji yake ana sara masa kai. Haka jan kujera a kan tayil, guje-gujen yara, da lasifikar da aka jingina da bango. Galibin masu yin wannan ba mugunta ce ta sa su ba, ba su taɓa sauka ƙasa sun saurari gidansu ba ne. Sai kuma sarkin masu ƙara, janareto, wanda ke tashi da zarar an ɗauke wuta.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Janareton fetur irin na gida yakan haura 70 idan kana kusa da shi, kuma duk ƙarin 10 kunne yakan ji kamar an ninka ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin da ke cikin ɗakin kwana ya wuce 30 da dare idan ana son barci mai kyau. Rashin barcin da ƙara ke jawowa dare bayan dare yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Don haka wanda ya zo maka da ƙorafi kada ka yi saurin cewa tsirfa ce ko iyayi. Wataƙila direba ne da zai ɗauki hanyar Kaduna da asuba, ko ma'aikaciyar jinya da ta kwana asibiti, ko uwa da ta sha wahala kafin jaririnta ya runtsa.

Shi ma mai ƙorafin akwai gyara a wajensa. Ƙarfe ɗaya na dare, ido ya yi ja, ba lokacin magana ba ne. Dukan silin da sanda, ko aika yaro ya je ya ce "an ce ku rage", ko jefa habaici a zauren WhatsApp na mazauna gida, duk suna mai da maganar ƙara ta zama maganar girman kai, wadda ba ta da ranar ƙarewa. Ka bari sai washegari bayan la'asar, ka yi sallama, ku gaisa, ka tambayi iyali. Sannan ka ce, "Alhaji, wata 'yar alfarma nake nema. Tagar ɗakin yara tana saitin inda janaretonka yake. Ko zai yiwu a riƙa kashewa ƙarfe goma sha ɗaya?" Idan tsakanin mata ne: "Maman Abba, don Allah idan za ki yi daka ki sauko ƙasa mu yi tare, ko ki bari sai hantsi, Baba ba ya jin daɗi kwana biyu." Sirrin shi ne ka roƙi abu guda takamaimai wanda mutum zai iya yi. "Kun dame mu" zargi ne, ba wanda zai amsa shi da "to".

Akwai ƙananan dabaru da ke rage rabin fitinar: shimfiɗa kafet ko darduma inda yara ke wasa, sa roba a ƙafafun kujeru, janye lasifika daga bangon da ya haɗa ka da maƙwabci, ɗora janareto a kan tsohuwar taya ko roba mai kauri don kada girgizarsa ta bi gini. Mai suna ko biki kuwa, ya zagaya ya sanar tun da kwana biyu, ya faɗi lokacin da kiɗa zai tsaya, kuma ya cika. Wanda aka gayyata aka ba shi waina ba ya ƙirga awoyi kamar wanda aka yi wa ba-zata.

Idan lalama ta ƙi, sai a je wa mai kula da gida ko wakilin mai gida, sannan shugaban mazauna idan akwai, sannan mai unguwa. Ka riƙa rubuta rana da lokaci, ka ɗauki sautin da waya daga cikin ɗakinka, don kada maganar ta zama "ya ce, na ce". A Kano Hisbah na yin sulhu tsakanin maƙwabta. A Abuja akwai hukumar kare muhalli ta AEPB. A matakin tarayya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009. Kada kuma a ɗauka dokar ba ta cizo: a 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal da dama saboda ƙara. Amma kotu da hukuma su zama na ƙarshe, domin bayan an gama shari'a matakala ɗaya za ku ci gaba da hawa.

To ga inda haɗarin yake. Mutumin kirki, an yi masa magana kan janaretonsa, ya ji kunya. Me zai yi? Sai ya ɗauke shi daga waje ya sa a ƙarƙashin matakala, ko a lungun shiga gida, ko a kicin, ko a barandar da ya toshe da katako, ya ja ƙofa don sautin ya ragu. Wani tsoron ɓarayi ne ke sa shi yin haka. Ƙara ta ragu, maƙwabta sun yi barci, kowa ya ce an samu maslaha. Alhali an kunna injin guba a cikin gini.

Duk abin da ke ƙona fetur ko gawayi yana fitar da iskar da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin hayaƙin da kake ji na wasu abubuwa ne daban, don haka rashin jin wari ba shaidar lafiya ba ce. Idan ta shiga huhu, tana manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, sai jinin ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da kowa a ƙasar nan zai kira maleriya ya haɗiyi Panadol ya koma ya kwanta. Mai barci kuwa ko alamun ba zai ji ba. Kusan kowace shekara jaridun Najeriya na kawo labarin iyalin da aka fasa ƙofa aka tarar duk sun rasu, janareto na gefe mansa ya ƙare. A bene abin ya fi muni, domin matakala tana jan iska sama, sai gubar ta bi ƙarƙashin ƙofofi ta shiga ɗakunan waɗanda ko janareton ba su mallaka ba.

Idan ka ga mutanen gida biyu ko uku sun kamu da ciwon kai a lokaci guda, kuma suna samun sauƙi idan sun fita waje, to a zargi iskar nan. A fitar da kowa sarari, a kashe injin, a buɗe tagogi, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa an kwana kusa da hayaƙi. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce janareto ya kasance a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga, bututun hayaƙinsa na kallon nesa da gini. A gidan bene wannan na nufin mazauna su haɗa kuɗi su yi rumfa ɗaya a bayan gida, mai rufi, mai ragar ƙarfe da kwaɗo, iska na ratsa ta. Da wannan rumfar an magance ƙara da ɓarawo da guba a lokaci guda. Duk mai ƙorafin da ya ga maƙwabcinsa ya shigar da janareto ciki saboda maganarsa, wajibi ne ya koma ya ce, "Malam, ba haka nake nufi ba, fito da shi, na haƙura da ƙarar har mu samo wuri."

Gawayi ma haka yake, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da ke girki da gas sun koma kurfoti. Uwargida ta hura a baranda, hayaƙi ya bugi barandar sama ya lanƙwasa ya shiga tagar maƙwabciya, wadda wataƙila tana da yaro mai asma. An yi ƙorafi, sai a jira garwashi ya yi ja hayaƙi ya ɗauke, a shigar da shi kicin. Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar nan har ya mutu murus. Wannan ne kuma ke kashe masu shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu su rufe taga.

Babbar Sallah ita ce ranar da komai ke haɗuwa. Kowane gida da rago, kowa na son gashi da suya da babbakar kai da ƙafa, duk a yini biyu. Dubi abin da ke kan barandar gidan haya: shanya, tsohuwar katifa, kwalaye, jarkar fetur ta janareto, tukunyar gas, ga silin na roba a sama. A tsakiyar waɗannan ake ɗora waya a kan garwashi a jera tsire. Kitse ya ɗiga, wuta ta yi tsalle, iska ta ɗauki tartsatsi ta kai kan labulen hawa na gaba. Saboda irin wannan ne dokokin kashe gobara a wurare da yawa na Amurka suka hana gashi da gawayi a barandar gidajen da iyalai da yawa ke zaune, suka ce a nisanta wuta da mita 3 daga duk abin da zai iya kamawa. Mu da tagoginmu da barandunmu ke kange da ƙarfe saboda ɓarayi, kuma mafitarmu matakala ɗaya ce tal, mun fi su bukatar wannan ƙa'ida. Gobarar da ta tashi a hawa na biyu ta rufe hanyar duk wanda ke sama.

Saboda haka gashi a ƙasa ake yinsa, a fili, nesa da motoci da rumfar janareto, da bokitin yashi da na ruwa a kusa, da babba ɗaya wanda ba ya barin wurin. Yara su tsaya nesa, kuma mai gashi ya naɗe hannun riga, mai suya ta ɗaure mayafi, don yadin roba kamawa yake ya manne a fata. Kada a zuba fetur ko kananzir a kan gawayin da ya riga ya kama, wutar na bin zubin ta koma cikin jarkar da ke hannu. Babbaka da taya kuwa a bar ta gaba ɗaya, baƙin hayaƙinta guba ne ga mai shaƙa da mai cin naman. Idan man suya ya kama da wuta, ruwa ne abu mafi haɗari da za a zuba, domin watsa man zai yi ya bi fuska da bango. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a janye itacen ko a kashe gas, a bar shi ya huce. Bayan an gama a jiƙa tokar sosai kafin a kwashe, saboda garwashi na iya kwana da rai a ƙarƙashinta, kuma kwandon sharar roba da ke gindin matakala ba wurinsa ba ne.

Mai gashi da gas ya sani cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. A gwada tiyo da bakin tukunya da ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan ne yoyon. Idan an ji warinsa a rufe tukunyar, a buɗe ƙofofi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana.

Wanda ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri da manja da ake shafawa suna ƙara ɓata ciwon ne, su kuma wahalar da ma'aikatan jinya wajen wanke shi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuta ta a bangon matakala, kuma a kira su tun wutar tana ƙarama.

Mako guda kafin Sallah magidantan gidan su zauna, ko da na rabin awa ne bayan isha'i, su tsayar da wurin yanka da wurin gashi, da lokacin kashe janareto, da wanda zai riƙe makullin babbar ƙofa da dare. A kwashe babura da jarkoki daga ƙarƙashin matakala. Masu gidaje kuma su sa waɗannan sharuɗɗa a takardar haya tun ranar karɓar makulli, su ajiye tukunyar kashe gobara a kowane hawa, su nuna wa mazauna yadda ake zare fil ɗinta.