Abin Da Ya Sa Hafsoshin Soja Ke Koyon Al'adun Masu Masaukinsu

Hafsan da aka tura wata ƙasa ya ba sojojinta shawara ba shi da ikon ba su umarni. Sai sun amince da shi tukuna su saurare shi.

Turawan Ingila sun daɗe da gane haka. Bayan kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897 ƙarƙashin Lugga, Hausa ta zama harshen bariki a Najeriya, hafsoshi Turawa kuma suka riƙa zana jarrabawarta.

Amincewar daga ƙananan abubuwa take farawa. Baƙon da ya tsaya aka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, ya miƙa hannun dama, bai kira taro lokacin sallar Juma'a ba, da shi ake sakin jiki. Ko hafsan gida da aka tura Damri, a ƙaramar hukumar Bakura, ko Maradun, sai ya fara kai gaisuwa fada ya zauna da liman kafin mutanen gari su tsegunta masa motsin 'yan bindiga.

Rashin wannan ladabi yana da tsada. A Maris ɗin 2024 wata tawagar Amurka da ta haɗa da Janar Michael Langley ta je Yamai. Kwanaki kaɗan bayan haka, kakakin gwamnatin sojan Nijar, Kanar Amadou Abdramane, ya zargi baƙin da raini da ƙin bin ƙa'idar diflomasiyya, ya sanar da soke yarjejeniyar soja tsakanin ƙasashen biyu. A lokacin akwai kuma saɓani tsakaninsu kan dangantakar Nijar da Rasha da Iran.

Zuwa Satumban 2024, sojojin Amurka kusan 1,000 sun fice daga Nijar, har da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas.