Lakar Kogin Kwara da Ƙarafa Masu Guba, Daga Bagudo Zuwa Bakin Teku

Shirin musamman na yau zai duba lakar da ke kwance a ƙasan Kogin Neja, wanda mutanen Kebbi suka fi sani da Kwara, da kuma ƙarafa masu guba da irin wannan laka kan tara a cikinta, tun daga inda kogin ya shigo Najeriya ta yankin Bagudo har zuwa inda ya zube a teku.

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kuma tsawonsa daga mafari zuwa teku ya kai kimanin kilomita 4,180. Kafin ya iso Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, sai da ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, sannan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, inda kogunan Mekuru da Alibori da Sota suke gangarowa daga arewacin Benin su zuba a cikinsa, ya wuce ƙarƙashin gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Bai yi nisa cikin Najeriya ba sai Gulbin Sakkwato ya tarar da shi kusa da garin Bagudo, ɗauke da ruwan Rima da na Zamfara da na Gulbin Ka. Wannan ya sa ƙasar Bagudo ta zama mahaɗar ruwan ƙasashe da yawa, kuma duk abin da damina ta wanke daga gonaki da kasuwanni da ramukan haƙar ma'adinai na waɗannan wurare yana da hanyar isowa fadamun Illo da Lolo da Zagga, inda Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani suke noma da su da kiwo.

Abin da masana ke nufi da ƙarafa masu nauyi shi ne wasu sinadarai da ake samu a cikin duwatsu tun asali, waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsu kan isa ya cutar da mai rai. Fitattu a cikinsu su ne dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam, sai asanik wanda akan lissafa tare da su duk da cewa ba cikakken ƙarfe ba ne, sai kuma tagulla da tutiya waɗanda jiki ke buƙatar kaɗan daga gare su amma yawansu guba ne. Bambancinsu da kashin dabbobi ko bola ko ma man da ya zuba a ruwa shi ne ba sa ruɓewa: rana ba ta cinye su, ƙwayoyin halitta ba sa narkar da su su ɓace, iyakacin abin da ke faruwa shi ne su sauya kama ko su sauya mazauni. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, to amma matsalar waɗannan ƙarafa ita ce ba sa ma tsamar da ruwan, domin ba su da wari ko launi ko ɗanɗanon da mai sha zai ji ya tofar.

Dalilin da ya sa bincike ya fi mayar da hankali ga laka fiye da ruwan kansa yana cikin ɗabi'ar ƙarafan. Idan suka shiga kogi, mafi yawansu ba sa daɗewa a narke, sai su manne a jikin ƙananan ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da ke yawo cikin ruwa, kuma da zarar gudun ruwan ya ragu, a lungun kogi ko a tafki ko a fadamar da ambaliya ta malale, sai waɗannan ƙwayoyi su kwanta tare da abin da suka ɗauko. Rairayi mai kauri ba ya riƙe ƙarfe sosai, amma baƙar laka mai laushi, irin wadda manomin shinkafa ke murna da ita, ita ce ta fi riƙewa. Saboda haka ana iya ɗibar ruwan kogi a auna a ga ba shi da laifi, alhali lakar da ke ƙasansa tana ɗauke da ninkin abin da ke cikin ruwan sau ɗaruruwa ko dubbai. Ruwan da aka auna yau ya wuce kafin gobe, ita kuwa laka tana nan, shekara na hawa kan shekara.

A wannan yanki na Kwara akwai cikowa biyu a shekara, kuma sanin bambancinsu yana nuna inda ya kamata a sa ido. Ta farko, wadda masanan ruwa ke kira farar cikowa, tana zuwa ne da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa, kuma tana zuwa a gurɓace da yumɓu. Ta biyu, baƙar cikowa, ruwan tsaunukan Gini ne da ya ɗauki watanni yana ratsa babbar fadamar tsakiyar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso Najeriya da sanyin hunturu yana garau. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan lakar da ke kwanciya a fadamun Bagudo ba daga nesa can take fitowa ba, daga maƙwabta take zuwa, wato daga rafukan yammacin Nijar irin su Sirba da ke ratsa ƙasar haƙar zinariya, da rafukan arewacin Benin da ke ratsa gonakin auduga na Banikwara da Kandi, da kuma Gulbin Sakkwato da rassansa.

Rassan nan na Gulbin Sakkwato su ne suke ɗauke ruwan yankin da aka yi annobar gubar dalma ta Zamfara. A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, kuma bincike ya nuna cewa duwatsun zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje suna cike da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kuma a wasu gidajen an auna dalma a cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kanta 400 ne. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen ƙauyukan Zamfara an binne, wanda aiki ne da ya ceci rayuka, sai dai tulin dusar dutse da ake bari a bakin kududdufai da wuraren wanki a daji, ruwan sama ne ke da iko da shi. Haɗuwar koguna kaɗai ba hujja ba ce cewa lakar Bagudo ta gurɓace, domin tafiyar tana da nisa kuma laka mai tsabta tana cakuɗuwa da maras tsabta a hanya. Amma hujja ce babba ta cewa wurin ya cancanci a riƙa auna shi a kai a kai.

Zaiba ta fi dalma haɗari a cikin ruwa. Masu haƙar zinariya da hannu, a Zamfara da Yawuri da Nijar da Mali, suna cuɗa ta da garin dutse domin ta kama zinariyar, sannan su ƙona curin zaibar ta tashi ta bar musu abin da suke nema, kuma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa wannan sana'a ce ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska. Wadda ta faɗa cikin laka mai zurfi inda iska ba ta shiga, wasu ƙwayoyin halitta kan juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke shiga naman mai rai ya zauna. Tsutsar laka ta ɗauka, tarwaɗa da ƙurungu masu kiwo a ƙasan ruwa su ci tsutsa, giwan ruwa ya ci ƙananan kifaye, kuma a kowane mataki yawan gubar ƙaruwa yake yi, har ya zamana babban kifin da ya fi tsada a kasuwa shi ne ya fi tara ta. Banda da suya da dahuwa ba sa fitar da ita. Mutanen Minamata, wani gari a gaɓar teku a ƙasar Jafan, sun ga ƙarshen wannan al'amari: wata masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso ta yi shekaru tana zuba ruwa mai zaiba a mashigin tekun garin, aka tabbatar da cutar a 1956 bayan iyalan masunta sun fara rasa gani da magana da tafiya, aka riƙa haihuwar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Kwashe lakar mashigin ya ɗauki daga 1977 zuwa 1990, kuma sai a 1997 aka cire ragar da aka killace kifin wurin da ita. Sunan garin ne aka ba yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda Najeriya ta tabbatar da shigarta a 2018.

Ga jihar da ta ɗora arzikinta a kan shinkafa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a 2015, kadmiyam ne abin lura na gaba. Ana samunsa a ƙurar ma'adinai da tsofaffin batura, da kuma wasu nau'o'in takin zamani na fosfet, kuma shinkafa tana cikin tsirran da ke saurin zuƙarsa zuwa ƙwayarta. A kwarin Kogin Jinzu na Jafan, ruwan ban-ruwa da ya biyo ta mahaƙar Kamioka ya gurɓata gonakin shinkafa, mata masu shekaru suka riƙa fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi, har gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi. Muddin laka na nutse cikin ruwa, kadmiyam ɗin yakan kasance a ɗaure. Idan ruwa ya janye ta bushe iska ta shige ta, sai ya saki ya zama abin da saiwa za ta iya sha. Fadamar da ke nutsewa da damina ta bushe da rani tana yin wannan juyi kowace shekara, kuma babbar ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, tana tayar da tsohuwar laka daga ƙasan kogi ta shimfiɗa ta a gonakin da ba ta saba kaiwa ba.

Domin auna girman haɗari, masu bincike sun fi amfani da lissafin da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lars Hakanson, ya fitar a 1980. Ana raba yawan ƙarfen da aka samu a laka da yawan da ke wurin tun asali kafin gurɓata, sannan a ninka da lambar da ke nuna tsananin gubarsa: zaiba 40, kadmiyam 30, asanik 10, dalma da tagulla 5 kowanne, kuromiyam 2, tutiya 1. Idan aka tara jimillar ta gaza 150 haɗarin kaɗan ne, idan ta kai 600 ya yi tsanani ƙwarai. Lissafin na da amfani, domin yana hana a ruɗu da yawa kawai, ganin cewa ɗigon zaiba ya fi tarin tutiya illa. Rauninsa kuwa yana wurin lambar asali. Wanda ya ɗauko ma'aunin duwatsun wata nahiya ya ɗora a kan lakar Kwara zai iya tsoratar da jama'a a banza ko ya kwantar musu da hankali a inda bai kamata ba, domin ƙasar da ke da jijiyar tozali, wanda shi kansa dutsen dalma ne, dalmarta ta asali ba ɗaya take da ta wani wuri ba. Ana samun lambar gaskiya ne ta hanyar soka bututu cikin laka a zaro ta a tsaye, a yanka ta hawa-hawa, na ƙasa ya nuna yadda kogin yake a zamanin kakanni, na sama ya nuna yadda yake yau.

Lakar da ta wuce Bagudo ba duka take isa teku ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya miƙe har Yawuri ya zama matattarar laka, kuma madatsar Jebba tana tare wani kason a ƙasa da shi. Ke nan lakar tafkin Kainji tana riƙe da tarihin fiye da shekara 50, ciki har da zamanin fetur mai dalma wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa zuwa farkon 2006. Abin da ya tsira, tare da abin da Kogin Binuwai da biranen kudu suka ƙara, yakan isa yankin Neja Delta, inda gishirin teku ke sa ƙwayoyin yumɓu su dunƙule su kwanta a gindin itatuwan bakin ruwa, wurin da jatan lande da kaguwa da ƙananan kifaye ke girma. Can ma ga malalar ɗanyen mai da dattin masana'antu, shi ya sa binciken lakar bakin teku ya fi shahara, ko da yake tarwaɗar Lolo da jatan landen Delta hanya ɗaya guba ke bi ta shige su.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan. Hukumar Kwarin Kogin Neja mai mazauni a Yamai, wadda ta samo asali a 1964 kuma ta haɗa ƙasashe 9 har da Najeriya da Benin da Nijar, ita ce ta fi dacewa da lamarin da ya tsallake iyaka, domin kwastan na kan iyaka a Tsamiya na iya tare buhun shinkafa amma ba shi da shingen da zai tare laka. A cikin gida akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato masu ɗakunan gwaji. Abin da ya dace su tsara tare shi ne ɗibar laka a wurare ƙayyadaddu da ba a sauya su: a Lolo inda kogin ya shigo, a bakin Gulbin Sakkwato kafin ya haɗu da Kwara, da kuma ƙasa da mahaɗar, sau ɗaya bayan farar cikowa ta janye, sau ɗaya a ƙarshen rani, tare da naman tarwaɗa da giwan ruwa daga hannun masunta da shinkafar fadamun da ke kusa. Sakamakon kuma a sanar da shi da Hausa da Dandanci ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoma, tare da bayanin irin kifin da mai juna biyu da ƙaramin yaro ya kamata su rage ci idan awon ya nuna haka.