Rumbu Ɗaya, Buri Biyu: Zaman Aure a Karkarar Arewacin Kano

Daga Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko daga Minjibir zuwa Ɗambatta, da wuya ido ya faɗa kan fegin da ba a noma ba. Gona na jingine da gona, gamba ko lalle ne iyaka, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsaye, kowace bishiya da mai ita. Ƙasar nan ba ta san hutu ba, taki ne ke riƙe da ita, tun zamanin da jakuna ke ɗauko shi a mangala daga birni. Cunkoson jama'a da wannan noma na kowace shekara su ne suka ja hankalin masana irin su Michael Mortimore tun shekarun 1960. A wuri irin wannan, inda kowane dami a lissafe yake, aure ba shaƙuwar mutum biyu ba ce kawai, tsari ne na rabon aiki da rabon dukiya da rabon magana. Ana yawan cewa ma'auratan ƙauye ba sa magana da juna. Ba haka ba ne. Suna yi, kuma al'ada ta tanadar musu hanyoyi na hikima. Gibin yana wani wuri dabam: duk hanyoyin nan an gina su ne domin kai ƙorafi a kan haƙƙin da aka tauye, babu wadda aka gina domin miji da mata su faɗa wa juna inda kowa yake son rayuwarsa ta dosa.

Sai an fara da aljihu kafin a gane zancen. A gidan manomi, aljihun miji dabam, na mata dabam. Ci da sha da sutura da wurin kwana nauyin maigida ne, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa, shi ya sa rumbu nasa ne, shi ke buɗewa, shi ke awo. Abin da mace ta samu kuwa nata ne ita kaɗai. Tana cikin kulle, amma ba ta zauna hannu rabbana ba: tana matse man gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli, tana kirɓa fura, tana daddawa, tana sussuka da surfe a biya ta, yara kuma su ne ƙafafunta a wajen talla. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano ta fitar da littattafanta a 1972 da 1977, ta nuna cewa akwai babbar kasuwa a ɓoye cikin gidajen nan wadda mai wucewa a waje ba ya gani. Ribar takan tafi adashi, ko ta zama akuya da tunkiya a turke, ko ta shiga biki, wato gudummawar da ƙawaye ke zuba wa juna a suna da aure, mafi yawanta kuma ta ƙare a kayan ɗakin 'ya mace. Ba abin mamaki ba ne mace ta sayi gyaɗar mijinta a farashin kasuwa, ko ta sayar da akuyarta ta ranta masa kuɗin takin zamani da faɗuwar damina, da kaka ya biya ta cif. Baƙo zai ɗauka rashin ƙauna ne. Ga 'yan gida kuwa wannan ne adalci, domin kowa ya san iyakar nasa.

Ita ma magana haka aka raba ta. Kunya ta hana mace kiran sunan mijinta, sai Malam, ko Maigida, ko kawai "shi". Miji ba ya cin abinci da iyalinsa, nasa kwanon zaure ake kai wa, inda yake zaune da ƙannensa da maƙwabta, hirarsa ta dare kuma a dandali take. Lokacin da al'ada ta ba su su kaɗai shi ne daren girki a turaka, shi ma bayan kowa ya gaji liƙis. To amma abin da baki bai furta ba akwai mai furta shi. Tuwon da aka ajiye ba gaisuwa saƙo ne. Habaicin da aka jefa wa kaza ko yaro, alhali maigida na alwala a bakin rariya, ya san da wa ake. Waƙar da ke fita tare da bugun taɓarya ba turmi ake rera wa ba. Idan abin ya fi ƙarfin habaici sai a aika: mace ta kai kuka wurin uwar miji ko uwar ɗakinta, miji ya tura amininsa ko yayarsa. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa masu aure ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, tsohon gida na ganin komai, sau da yawa yakan kira ɗansa ya ja masa kunne tun surukarsa ba ta buɗe baki ba.

Ƙololuwar wannan tsari ita ce yaji da biko. Mace ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta goya na baya, ta kama hanyar gidansu, galibi da hantsi lokacin da maza ke gona. Ba guduwa ta yi ba, ƙara ta ɗaukaka. Ubanta ba zai tambaye ta komai nan take ba, sai dai a ba ta ruwa, uwa ko gwaggo ta ja ta ɗaki. Bayan kwana biyu ko uku sai ga wakilan miji, baffansa ko amininsa, wani lokaci da liman, sun shimfiɗa tabarma a zaure da ɗan goro. A yi doguwar gaisuwa, a taɓo damina da lafiyar dabbobi, sannan babban cikinsu ya ce sun zo biko ne, a yi haƙuri, zo mu zauna zo mu saɓa. A nan ne waliyyi zai zayyano abin da 'yarsa ta kasa faɗa wata da watanni: ba a ba ta sabulu, an hana ta zuwa gaida mahaifiyarta, an tauye kwananta, an ci bashin akuyarta an yi shiru. Miji ya amsa laifi ta bakin wakilinsa, a yi wa yarinya nasiha don kada a ce an ɗaure mata gindi, a sa ranar komawa, wani ma ya haɗa da turmin atamfa. Duk wanda ya kalli wannan zama da idon basira ya san kotu ce sosai, har ta fi kotu wani abu, domin babu wanda ke tashi daga cikinta a kunyace.

Amma a duba jerin ƙorafin nan da kyau. Kowanne cikinsu haƙƙi ne sananne, wanda dattawa za su iya aunawa su ce an cika ko an tauye. Macen da ake ciyarwa, ake tufatarwa, ba a dukanta, amma tana so ta ƙarasa sakandare ko ta shiga Islamiyyar matan aure, da wane baki za ta yi yaji? Tambayar farko da za a yi mata ita ce, "Me ya rage ki da shi?" Ba ta da amsa. Shi ma mijin da ke son sayar da gayaunarsa ya ja jari a Dawanau, ko ya kwashe iyali ya koma Kurna ko Rijiyar Lemo, ba shi da wurin da al'ada ta ce ya zauna ya ji ta bakin matarsa, sai dai ta ji a bakin matan maƙwabta. A da wannan gibin bai cika fitowa fili ba, saboda burin kowa a shate yake tun kafin a haife shi: namiji ya cika rumbu ya aurar da 'ya'ya, mace ta jera wa 'yarta ɗaki. Hanyoyi ne biyu da ba sa karo.

Yanzu suna karo, dalilin kuwa yana cikin ƙasar kanta. Kowane rabon gado yana ƙara tsaga gonar da dama ba ta da faɗi, har ta kai magidanci na da abin da ba zai ci da gidansa zuwa wata kaka ba. Gandu ya watse a gidaje da dama, tsohon da ke gani ya tsawatar ya rasa ikon da rumbu ke ba shi. Ci-rani, wanda a da ake fita bayan kaka a dawo da ruwan farko, ya zama zaman Legas ko Abuja ko Fatakwal na kusan shekara, ana dako ko gadi ko tura baro. A watannin nan jarin mace ne ke toshe ɓarakar cefane, wato kuɗin da ta tara don kayan ɗaki ya koma tukunya, ba tare da an taɓa zama an ce haka za a yi ba. Wayar hannu ta rage nisa, gaskiya ne, sai dai hirar ba ta wuce "An turo, kin gani?" Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta ƙara matse aljihun biyu har suka zama kamar ɗaya. Ranar da kuɗi ya shigo kuma, ko na waken suya da riɗi, ko na tumatirin rani a Watari, a nan ake ganin bambancin buri tsirara. Shi yana lissafin babur, ko karɓar jinginar gona, ko ƙarin aure. Ita tana lissafin bashin da ta ci a adashi don ta rufa masa asiri, da ɗanta da take so ya kai kwalejin horon malamai ta Bichi. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Kowa dai ya yi shekara yana gini a zuci, ɗayan bai sani ba.

Dattawa za su ce ai maganin wannan haƙuri ne, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ba a raina wannan magana, domin haƙuri ya riƙe gidaje da yawa a shekarun fari da yunwa. Sai dai a tuna cewa iyayenmu mata ba haƙuri kaɗai suka riƙe ba, sun riƙe ƙofar fita. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi, ba kuma a ɗauke ta wata ta dabam ba a zamaninta. Zawarci bai kasance abin tsoro ba lokacin da gidan uba ke da hatsin karɓar 'ya da jikoki. Yau gidan uban ma awo yake a kasuwa. Macen da aka ce ta yi haƙuri a kan burin da ba a ko saurara ba, ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna ta janye hannunta: ta ɓoye jarinta, ta kai awakinta kiwo gidan yayarta, ta bar shi da rumbunsa. Auren na nan a ido, amma an daina taimakon juna, kuma a ƙasar da gona ba ta isa ba wannan ma talauci ne. Idan igiyar aure ta tsinke kuwa, ga shaida a fili: auren zawarawa da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisbah a 2012, da auren gata na ma'aurata 1,800 a 2023. Gado da katifa da ɗan jarin da ake ba ma'auratan taimako ne na gaske, amma ba su ne ke sa miji ya tambayi matarsa abin da take so ba.

Wasu kuma za su kafa hujja da addini, su ce tunda miji ya sauke nauyin ciyarwa, ragowar dukiyarsa ba ruwan mace. Ta fuskar mallaka haka ne, kamar yadda shi ma ba ruwansa da tata. Amma shawara ba mallaka ba ce. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta rataya yaye yaro kafin cikar shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Idan yaye ya cancanci zama, ina ga sayar da gonar da yaron zai gada? A Hudaibiyya ma shawarar Ummu Salama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauka. Shehu Usmanu kuwa a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka mai neman karatu daga ɗakin mijinta ba baƙon abu ta ɗauko ba.

Akwai kuma 'yan birni da ke ganin a rushe komai, a haɗe aljihu, a yar da kunya, a zauna ana hira irin ta fim. Wannan ya fi sauran rauni. Rabon aljihu shi ne garkuwar mace a gidan da kishiya ke iya shigowa gobe, ranar da aka haɗe shi ita ce za ta yi asara. Kunya kuma ita ke hana saɓani zama zagi a gidan da katangar kara ce tsakaninka da maƙwabci. Masu shiga tsakani ma ba cikas ba ne, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ita ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da danginta.

Abin da ake bukata bai kai rushewa ba. Zauren da ake yin biko shi ne dai zauren da ake karɓar kuɗin gaisuwa da sa rana, mutanen ma su ne. A wannan zama ana bincikar asali da sana'a da hali, amma da wuya a tambayi saurayi ko a gida zai zauna ko ci-rani zai dinga tafiya, wata nawa, wa zai riƙe cefane a bayansa, ko ya yarda yarinya ta ci gaba da karatu da sana'arta. Alkawarin da aka ɗauka gaban baffanni da liman yana da nauyin da na zance a ƙofar gida ba shi da shi, kuma shi zai ba mace abin kamawa ranar da aka ce me ya rage ta da shi. Waliyyai da limamai da masu unguwanni, ku ne ke zaune a tabarmar nan. Ranar sa rana ku yi waɗannan tambayoyi, ranar biko kuma, bayan an gama lissafin sabulu da kwana, ku tambayi kowane ɓangare abin da yake so ya cim ma nan da kaka uku, ku sa ɗayan ya ji da kunnensa.