Gemu da Gogen Turawa

Duk wanda ya kai shekara arba'in ya ce zai fara koyon bayolin, wato gogen Turawa, abin da zai fara ji a bakin mutane shi ne ya makara. Maganar tana da tushe. Galibin mashahuran masu bayolin tun suna ƙanana aka ɗora musu shi a kafaɗa, kuma binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 kan ɗaliban wata makarantar kiɗa a Berlin ya nuna zaƙaƙuran cikinsu sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20. Magidancin da cefane da kuɗin makaranta ke jira, ina zai samo waɗannan awoyi? Sai dai wannan ma'auni ne na wanda zai ci abinci da kiɗa. Ribar babba daban ce: kunnen da zai gane tsohon kiɗan Turai, wanda ake kira kilasik, kuma wannan ana samunsa ko da furfura.

Dalilin yana cikin ƙirar abin. Bayolin tsirkiya huɗu gare shi, wuyansa kuma sumul yake, babu ƙarafan da aka gitta irin na jita da za su nuna wa yatsa mazauninsa. In yatsa ya goce kaɗan, amo ya karkace. Hannun dama yana jan bakan izgar doki da aka shafa wa ƙaro, dabarar da mai goge da mai kukuma suka daɗe da sani, kuma nauyin hannun da saurinsa da inda izgar ta sauka su ke raba murya mai daɗi da ƙara mai sa haƙori tsami. Don haka dole ɗan koyo ya ji amon a ransa kafin ya danna tsirkiya, ya saurara, ya gyara, ya sake. Wanda ya yi watanni a haka saurarensa ya canza.

Kunnenmu ya saba bin magana. In Shata na waƙa baiti muke bi, kalangu ma zance yake yi, shi ya sa kiɗan minti arba'in babu kalma ko ɗaya kan zama kamar ba shi da alƙibla. Amma wanda ya taɓa riƙe baka, in ya saurari kiɗan Vivaldi na yanayoyi huɗu na shekara, wanda aka buga a 1725, zai gane guguwar lokacin zafi gajeren jan baka ne da sauri, ɗigon ruwan lokacin sanyi kuma tsirkiya ake kaɗawa da yatsa. Abin ya fi fitowa fili a kiɗan Chaconne na Bach, daga kundinsa na 1720. Kusan kwata ɗin awa ne, bayolin ɗaya tal, amma sai ka rantse mutum biyu ko uku ne, don mai kiɗan yana goga tsirkiya biyu a tare yana tsallake tsakanin muryoyi, kuma duk ginin yana kan ɗan gajeren salo guda da ake ta juyawa. Wanda ya sha wuyar daidaita tsirkiya biyu na daƙiƙa biyar ba ya buƙatar a yi masa sharhi.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da hujja. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa sun gano cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da yatsun hagu ya fi bunƙasa a masu kaɗa tsirkiya, musamman waɗanda suka fara da wuri. Wannan ya nuna yaro ya fi samun sauƙi, bai nuna an rufe wa babba ƙofa ba. Abin dariyar shi ne Shinichi Suzuki, mutumin Japan da ya yaɗa koyar da 'yan shekara uku bayolin, shi kansa sai da ya kai wajen shekara 17 ya fara. Abin da ke kayar da babba kunya ce fiye da taurin kafaɗa. Yaro ya fitar da ƙara mara daɗi ya wuce abinsa. Babba kuwa ya san yadda ya kamata abin ya fita, sai ya ji nauyin maƙwabta ya jefa akwatin bayolin ƙarƙashin gado. A Birtaniya an nemo wa wannan magani: Landan tana da ƙungiyar makaɗa ta waɗanda suka fara a makare, a Edinburgh kuma marubuci Alexander McCall Smith yana cikin waɗanda suka kafa wata a 1995, suka raɗa mata sunan da ke nuna ba su iya ba sam, jama'a kuma na zuwa kallonsu.

Wani zai ce, me ya kai mutum wannan wahala, ba sai ya kunna rediyo ya saurara ba? Gaskiya ne, da yawa daga masoyan Beethoven ba su taɓa riƙe baka ba. Amma kaso mai yawa na wannan kiɗa don a kaɗa a gida aka tsara shi. A zamanin Haydn ana buga kiɗan mutum huɗu a takarda a sayar, likita da ɗan kasuwa da iyalansu su zauna a falo bayan aiki su kaɗa, da kurakuransu. Abin da ake buƙata don shiga wannan sahu bai taka kara ya karya ba: bayolin ɗin masana'anta mai araha, ɗan robar da ake maƙalawa don rage ƙara, minti 20 ko 30 kullum maimakon awa uku ranar Asabar, sai malami a watannin farko, don riƙon da aka koya a karkace ya fi komai wuyar gyarawa.